SURUTU, MAGANAR DA BA ƘWAYA A CIKINTA

Karatu: Matiyu 6:5-13, Matiyu 12:33-37, Ayyukan Manzanni 17:16-34

  

Yau za mu yi nazari a kan kalma guda. 'Ya'yanmu da suka yi makaranta, masu riƙe da Littafi Mai Tsarki na Turanci a hannu ɗaya, na Hausa a ɗaya hannun, sukan ci karo da kalmar babble, su tambayi fasto ko malamin makarantar Lahadi ma'anarta. Amsa ta kusa ita ce "surutu". Amma zancen bai ƙare a nan ba, gama kalmar tana da rassa, surutu ma yana da dangi da yawa a Hausa, Maganar Allah kuwa tana da abin faɗi a kansu duka. In muka bi su ɗaya bayan ɗaya za mu tarar da abu guda: Allah yana auna magana ne da abin da ke cikinta. Mai sayen shinkafa a kasuwar Acida ba ya biyan kuɗi don ya ga buhu ya cika tim, sai ya soka ya ga ko ƙwaya ce ko ƙaiƙayi. Haka Ubangiji yake yi da maganar bakinmu.

KALMAR A BAKIN MASU ITA

Turawan Ingila sun fi shekara 700 suna amfani da wannan kalma. Masana harshe sun ce daga kwaikwayon sauti aka samo ta, wato irin "ba-ba-ba" ɗin da jariri ke yi kafin bakinsa ya buɗe. Mutanen Holan da na Faransa ma suna da kalmomi masu kama da ita. Ga yadda Turawa ke amfani da ita yau da kullum.

Na ɗaya, sautin jariri ɗan wata 6 ko fiye, sa'ad da yake koyon juya harshe. Wannan ba laifi a cikinsa, uwa ma murna take yi da shi. Na biyu, ƙarar da ruwan rafi ke yi in yana gudu a kan duwatsu. Na uku, hayaniyar taro, inda muryoyi suka cakuɗe har ba ka iya ware ta kowa. Na huɗu, maganar wanda tsoro ko zazzaɓi ko giya ta rikita, ko kuwa wanda yake ta magana da sauri ba kai ba gindi. Na biyar, sakin asiri, wato mutum ya faɗi abin da ya kamata ya riƙe. A zamanin nan kuma sukan liƙa ta a jikin wata kalma don su yi wa masana ba'a, in masanan sun tara manyan kalmomi alhali ba su faɗi komai ba. Mu a nan mun daɗe da raɗa wa wannan suna: dogon Turanci.

Mutane da yawa suna tsammani kalmar ta fito ne daga hasumiyar Babila da ke cikin Farawa sura 11, saboda kamar da ke tsakanin sautinsu. Masana sun ce ba daga can ta fito ba. Sunan Babila a harshen mutanen birnin yana nufin "ƙofar allah", kufansa kuwa yana ƙasar Iraƙi ta yau, kudu da Bagadaza. Littafin Farawa ya haɗa sunan da wata kalmar Ibrananci, balal, mai ma'anar gauraya ko dagulawa, domin a can ne Allah ya dagula harshen masu girman kai.

Sai mu lura da wani abu a nan. Harshen da ba mu ji ba, ba surutu ba ne. Helenawan dā sun ɗauka duk wanda ba ya jin Helenanci "bar-bar" kawai yake yi, daga nan suka sa wa baƙi suna na reni. A ranar Fentikos ma, da manzanni suka yi shelar ayyukan Allah cikin harsunan al'ummai dabam dabam, waɗansu suka yi musu ba'a cewa sun bugu ne, amma a ranar mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya. Saboda haka in ɗan'uwa ya tashi a majami'a ya yi addu'a da Fulatanci, ko Dakarci, ko Yarbanci, ko harshen Ibo, kada yara su yi dariya, kada manya su ƙosa. Allah yana jinsa sarai.

DANGIN SURUTU A HAUSA

Bahaushe bai jira Bature ya koya masa wannan abu ba. In ka buɗe babban ƙamus ɗin Hausa da Bargery ya wallafa a 1934, ko ka zauna a majalisar dattawa da yamma, za ka ga yawan sunayen da muka tanada.

Surutu shi ne uban gidan, wato yawan magana ba tare da bukata ba. Mai yinsa mukan ce kamar aku, ko mu ce rediyo mai jini. Zuba ita ce maganar da ba ta tsayawa, shi ya sa ake cewa wance tana zuba kamar 'ya'yan kanya. Ɓaɓatu surutu ne mai haɗe da faɗa da mita. Sambatu na mai barci ne ko majinyaci, wanda bai san abin da bakinsa ke faɗi ba. Soki-burutsu maganar da ta bar hanya ce, ana zancen gabas mai ita yana yamma. Shaci-faɗi shi ne mutum ya yanke magana a kan abin da bai sani ba. Katoɓara ita ce maganar da ta kuɓuce a inda bai kamata ba, a gaban wanda bai kamata ya ji ba. Holoƙo kuwa hadarin kaka ne, ga iska ga duhu amma ba ɗigon ruwa, haka alkawarin mai cika baki yake. Sa'an nan ga jita-jita, da gulma, da tsegumi, waɗannan su ne surutun da ya sami haƙora.

In ka duba za ka ga jerin nan kamar matakala yake. Yana farawa daga abin dariya ya ƙare a abin kuka. Ba wanda ke tashi da safe ya ce yau zan raba auren wane. Daga hira ake farawa, hira ta yi daɗi, gaskiyar da ke hannu ta ƙare, sai a shafa wa labari shuni. Littafin Karin Magana 10:19 ya koya mana cewa inda magana ta yi yawa zunubi ba ya nisa, mai hikima kuwa yakan ja linzamin bakinsa. Kakanninmu ma sun gane haka da suka ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Duk da haka kada wani ya ce muna hana hira. Doguwar gaisuwarmu, ta gida da iyali da gajiya da sanyi, tana da aiki, gama ita ke ɗaure zumunci. Wasan taubasai, da barkwancin Fulani da Barebari, ko na Gobirawa da Yarbawa, sun sha kashe wutar faɗa tun kafin ta kama. Tatsuniyar kaka ga jikoki makaranta ce. Duk waɗannan magana ce mai ƙwaya, ko da ta ɗauki dare.

Yanzu bari mu ga wurare uku da Sabon Alkawari ya taɓa wannan batu. A kowane wuri kalmar Helenanci dabam ce, ko da yake juyin Turanci dabam dabam sun fassara su da wannan kalma guda da muke nazari.

SURUTU A GABAN ALLAH

Wuri na fari shi ne Matiyu 6:7. Ubangiji Yesu ya gargaɗi almajiransa kada su tara kalmomin wofi cikin addu'a kamar masu bautar gumaka, waɗanda ke zaton yawan maganarsu ne zai sa a ji su. Kalmar Helenanci a nan ita ce batalogeyo, kuma a wannan aya kaɗai ta fito cikin dukan Sabon Alkawari. Dalilin da Yesu ya bayar shi ne, Ubanmu ya riga ya san bukatarmu tun ba mu buɗe baki ba.

Misalin wannan yana cikin 1 Sarakuna 18. A bisa Dutsen Karmel annabawan Ba'al 450 suka yi ta kiran gunkinsu tun safe har tsakar rana, suka zarce har lokacin hadayar maraice, suna tsalle suna tsaga jikinsu, ba wanda ya amsa. Iliya ya matso ya yi addu'ar da ba ta wuce aya biyu ba, wuta ta sauko. Hannatu kuma a Shilo leɓunanta kaɗai ke motsi, har Eli firist ya zaci ta bugu, amma Allah ya ji ta, ya ba ta Sama'ila. Mai karɓar haraji a Luka 18 jimla ɗaya ya faɗa yana bugun ƙirji, shi ne kuwa ya koma gida baratacce.

Ashe doguwar addu'a laifi ce? A'a. Yesu da kansa ya kwana yana addu'a a kan dutse kafin ya zaɓi sha biyun nan, a Getsamani kuma sau uku ya maimaita roƙo guda. Ya kuma yaba wa gwauruwar da ta yi ta naci a gaban alƙali. Abin da ya hana shi ne baki ya yi ta aiki zuciya tana wani wuri, da kuma tunanin cewa za a iya gajiyar da Allah da yawan kalmomi har ya sallama.

Bari mu dubi kanmu, 'yan'uwa. Akwai mai addu'ar da ke sa sunan Ubangiji a bayan kowace kalma biyu, don kawai ya sami lokacin tuno abin da zai faɗa gaba. Sunan nan mai tsarki ne, ba abin cike gurbi ba ne. Akwai wanda in an ba shi addu'ar baiko sai ya zaga daga Farawa har Wahayin Yahaya. Akwai mai juyawa zuwa Turanci a tsakiyar taron da yawancinsu Hausa suke ji, don a san ya yi karatu. Manzo Bulus, wanda ya fi mu ilimi, ya ce a cikin taron ikkilisiya gara masa kalma 5 da za su koya wa mutane wani abu da kalma 10,000 da ba mai fahimta (1 Korantiyawa 14:19). Akwai kuma mai rufe ido ya yi wa maƙwabcinsa habaici da sunan addu'a. Wannan da mutum yake magana, Allah kawai ya sa a gaba. Addu'ar da Ubangiji ya koya mana ba ta cin minti ɗaya, amma ɗaukakar Allah, da abincin yini, da gafara, da tsaro daga Mugun duk suna ciki.

SURUTU A CIKIN IKKILISIYA

Wuri na biyu yana cikin wasiƙun Bulus zuwa ga Timoti, wato 1 Timoti 6:20 da 2 Timoti 2:16. Tsohon juyin Turanci na 1611 ya sa kalmarmu a duka biyun. Ta Helenanci ita ce kenofoniya, ma'anarta sautin wofi, murya ba komai a ciki. Timoti yana kiwon ikkilisiyar Afisa, inda waɗansu suka mai da koyarwa fagen gardama a kan tatsuniyoyi da jerin asali marasa iyaka. Bulus ya ambaci mutum biyu, Himinayas da Filitas, waɗanda suka ce tashin matattu ya riga ya wuce, suka rushe bangaskiyar waɗansu. Ya kwatanta irin wannan magana da ruɓaɓɓen gyambo mai cin nama yana gaba.

Mu masu wa'azi wannan gargaɗi ya fara kamawa. Mutum ya bar gonarsa, ya yi tafiya a kan babur ta hanyar da ba ta da tabbas, ya zo sujada da yunwar Maganar Allah. In muka sallame shi da labarin tafiye-tafiyenmu, da ihu, da alkawarin arzikin da Allah bai aike mu mu yi ba, mun ba shi holoƙo. Fankam fankam ba shi ne kilishi ba. Haka kuma gardamar wace ɗarika ta fi wata, da sa ranar dawowar Almasihu, alhali shi da kansa ya ce ba wanda ya san ranar sai Uba.

Ga dattawa da zumuntar mata da matasa kuma, akwai wata gulma mai sa tufafin ibada. Sai ka ji an ce, "Mu sa wance cikin addu'a, kun dai san abin da ke faruwa a gidanta," daga nan a kwashe rabin sa'a ana feɗe ta, addu'ar kuwa ba ta kai minti biyu ba. Wanda ya kawo damuwarsa wurin dattijon ikkilisiya amana ya kawo. In ya ji ta a bakin rijiya ba zai sake zuwa ba, wataƙila ma ba zai sake shiga majami'a ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mu kaɗan ne a wannan yanki, kowa ya san kowa, maƙwabtanmu kuma daga bakinmu suke gane irin Ubangijin da muke bi.

SURUTUN DA KE CIN RAI

Kun tuna ma'ana ta biyar da muka faɗa, wato sakin asiri. A ƙasarmu ta gabashin Sakkwato wannan ita ce ta fi nauyi a yau. Ba sai mun ba ku labarin abin da 'yan bindiga suka yi mana ba. A watan Yuli na 2018 an kashe mutum fiye da 30 a Tabanni, cikin gundumar Gandi ta Rabah. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka rasu. A watan Satumba na wannan shekara ta 2021 gwamnatin jiha ta sa aka rufe layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 14, har da Rabah da Goronyo, don a yanke hanyar da labari ke bi ya kai ga ɓarayin daji. Alhakin jinin nan yana wuyan waɗanda suka zubar da shi. Amma rufe wayar ya nuna mana cewa a lokaci irin wannan labari ma makami ne.

Mai kai wa ɓarayi labari don kuɗi ya san abin da yake yi, hukuncinsa yana jiransa. Wanda muke yi wa magana yau shi ne mutumin kirki mai sakin baki. A teburin mai shayi, ko a cikin motar haya zuwa Sakkwato, sai ka ji ana cewa wane ya sayar da shanu biyu jiya, ɗan wance ya aiko da kuɗi daga Legas, gobe da asuba wane zai ɗauki albasarsa zuwa kasuwa. Mai faɗin bai nufi kowa da sharri ba, yana so ne kawai a san shi ma yana da labari. Amma bai san kunne nawa ke wurin ba. Baki shi ke yanka wuya, wani lokaci kuwa wuyan wani yake yankawa.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan. A 1 Sama'ila 21 da 22, Doyeg mutumin Edom ya ga Ahimelek firist ya ba Dawuda gurasa da takobi. Ya kai wa Sarki Saul labarin a ranar da sarki ke cike da fushi, ƙarshenta firistoci 85 suka mutu, aka hallaka garin Nob. Abin da Doyeg ya gani ya faru da gaske, amma ya kai shi kunnen da bai kamata ba. Sarki Hezekiya kuma, mutumin kirki, da jakadun Babila suka zo gaishe shi sai daɗi ya kwashe shi, ya nuna musu dukan taskarsa. Annabi Ishaya ya faɗa masa cewa rana tana zuwa da za a kwashe kayan nan duka zuwa Babila (2 Sarakuna 20). Wanda ke ɗaukar hoton sabon babur ko buhunan amfanin gonarsa ya baza a Facebook, bari ya tuna da Hezekiya.

Akwai waɗansu hanyoyi biyu kuma da surutu ke cin rai. Ɗaya ita ce jita-jitar "ga su nan tafe" da ake turawa ta WhatsApp ba tare da an tabbatar ba. Gari ya watse cikin dare, mata masu ciki da tsofaffi su kwana a daji a banza, ranar da gargaɗin gaskiya ya zo kuwa sai a yi shakka. Ta biyu ita ce a nuna mutum a ce infoma ne, don kawai an ga ya yi sabuwar riga, ko don akwai tsohuwar gaba a kan iyakar gona. An sha rasa rayuka a ƙasar nan a kan zato. Doka ta tara ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, ba ta kuwa ware maƙwabci Kirista da Musulmi, ko Bahaushe da Bafulatani ba.

To, sai mu kulle baki ke nan ko da mun ga hatsari? Ko kaɗan. Ku karanta Ayyukan Manzanni 23. Mutum fiye da 40 suka yi rantsuwa za su kashe Bulus. Ɗan 'yar'uwarsa ya ji ƙullin. Bai tsaya a kasuwa yana ba da labari ba, ya tafi kai tsaye wurin Bulus, daga nan aka kai shi wurin shugaban sojoji, ya faɗa masa a keɓe, shugaban kuma ya umarce shi kada ya gaya wa kowa. A daren nan aka fitar da Bulus lafiya. Wanda ya san gaskiyar wani hatsari, ya kai ta wurin mai gari, ko hakimi, ko jami'in tsaron da ya amince da shi, sa'an nan ya kama bakinsa.

SA'AD DA AKA KIRA GASKIYA SURUTU

Wuri na uku ya sha bamban da sauran. Wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, Bulus ya isa Atina, birnin masana. Yana ta shelar Yesu da tashin matattu a kasuwa, sai waɗansu masu ilimin falsafa, Abikuriyawa da Sitokiyawa, suka kira shi mai surutu (Ayyukan Manzanni 17:18). Kalmar da suka jefe shi da ita ita ce sifarmologos, wato mai tsintar iri. Asalinta sunan tsuntsu ne mai bin gona da kasuwa yana tsince ƙwayar da ta zube. Manoman shinkafa na fadamar Wurno, waɗanda ke kwana da fargabar jan baki, sun san irin wannan tsuntsu: bai yi shuka ba, bai yi noma ba, sai tsinta. Daga nan aka mai da sunan zagi ga mutumin da ke tsintar guntayen ilimi nan da can yana yawo da su kamar nasa.

Abin mamaki, Luka ya gaya mana a aya ta 21 cewa mutanen Atina ɗin nan ba su da aikin da ya wuce ji da faɗin sabon labari. Ashe masu zagin su ne masu tsintar, wanda suka zaga kuwa mai shuka ne. Bulus bai rama ba. Ya tsaya a Tudun Arasa ya yi musu magana da ladabi, ya fara daga bagaden da suka gina wa allahn da ba su sani ba, ya kai su ga Mahalicci, da tuba, da ranar shari'a. Waɗansu suka yi ba'a, waɗansu suka ce sai wani jiƙon, amma Diyonisiyas ɗan majalisa, da wata mace mai suna Damaris, da waɗansu tare da su suka ba da gaskiya.

Saboda haka in an kira shaidarmu surutu, kada mu karai. Amma mu tabbata bisharar ce ake reni, ba rashin ladabinmu ko jahilcinmu ba. Manzo Bitrus ya ce mu zauna a shirye mu ba da dalilin begenmu ga mai tambaya, cikin tawali'u da girmamawa (1 Bitrus 3:15-16).

MU SHEƘE MAGANA KAFIN TA FITA

A Matiyu 12:36 Ubangiji ya ce a ranar shari'a mutane za su ba da lissafin kowace maganar banza da suka faɗa. Kalmar da aka fassara "banza" ita ce argos, ma'anarta marar aiki. Ita ce kuma aka yi amfani da ita a Matiyu 20 ga mutanen da mai gonar inabi ya tarar suna tsaye a kasuwa ba wanda ya ɗauke su ƙodago. Wato maganar banza ita ce maganar da ke zaman kashe wando. Allah ya ba mu harshe ne don ya yi aiki: ya yi yabo, ya ta'azantar, ya koyar, ya sulhunta, ya yi gargaɗi.

Ku dubi madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a kan Gulbin Rima a 1984. In an buɗe ƙofofinta bisa ma'auni, ruwan yakan ciyar da masu noman rani. A watan Satumba na 2010 kuwa, da ruwa ya fi ƙarfin ma'auni, ya ci gonaki da gidaje a garuruwa masu yawa. Ruwan ɗaya ne. Karin Magana 17:14 ya kwatanta farkon husuma da ɓallewar ruwa, ya ce a bari tun ba ta ɓarke ba.

Mace ba ta zuba hatsi a tukunya sai ta sheƙe. Kafin magana ta fita, bari kowannenmu ya tambayi kansa: Na tabbata gaskiya ce, ko dai ji na yi? Wa za ta amfana in na faɗe ta? Wannan kunnen ne ya kamata ya ji ta? In mai ita yana zaune a nan, zan iya faɗinta haka? Wadda ta tsallake waɗannan a faɗe ta ba tsoro. Wadda ta kāsa a bar wa iska.

Amma fa sheƙa kaɗai ba ta isa ba in rumbun ƙaiƙayi ne. Yesu ya ce abin da ya cika zuciya shi ke fitowa ta baki, Yakubu kuma ya ce ɗan adam ya hore dabbobi iri iri amma ya kāsa hore harshensa. Wanda zai iya shi ne Ruhu Mai Tsarki. In kana ji a ranka cewa bakinka ya taɓa ɓata sunan wani, ko ya jefa wani cikin hatsari, kada ka bari Lahadi ta zagayo. Je ka same shi ka nemi gafara, ka koma inda ka baza maganar ka gyara ta, ka kuma kawo zuciyarka wurin Yesu, gama jininsa ya isa ya wanke wannan zunubi ma.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin kyautar harshe. Ka gafarta mana maganganun wofi da muka faɗa a gabanka da gaban mutane. Ka cika zukatanmu da Maganarka, domin abin da zai fito daga bakinmu ya zama abinci ga masu ji. Ka koya mana lokacin magana da lokacin shiru. Ka tsare Tursa, da Wurno, da Rabah, da Goronyo, ka ta'azantar da waɗanda suka rasa nasu, ka komo da waɗanda ke hannun mugaye, ka ba ƙasarmu salama. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.